Shekara nawa za ka yi a gidan?

A gidaje da yawa na unguwannin bayan gari a Amurka, musamman waɗanda aka gina daga shekarun 1970 zuwa yau, abin da kake hangowa a saman rufi kana ce masa bututun hayaƙi ba ginin bulo ba ne. Dogon akwati ne na katako, an kafa shi a jikin gida tun daga ƙasa har ya zarce rufi, an lulluɓe shi da irin abin da aka lulluɓe bango, wani lokaci har a manna masa dutsen ado don ya yi kama da ginin mutanen da. Bututun gaskiya na ƙarfe ne, yana ɓoye a ciki. A bakin akwatin can sama ake kifa wani faffaɗan murfi na kwano mai rami, bututun ya ratsa ta ramin ya fito, a sa masa zobe a wuya, a ɗora masa hula. Wannan murfin shi kaɗai ne tsakanin ruwan sama da cikin akwatin, kuma a duk gidan babu abin da ya fi shi nisa da idon mai gida. Mutum zai saya, ya zauna, ya aurar da 'ya'ya, ya sayar, bai taɓa ganin bayansa ba. Mun tashi da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan mai ɗakin ne na ƙarshen sani.

Nawa gidan yana Kolombus ta jihar Ohayo, ginin ƙarshen shekarun 1980 ne. Da murhunsa na ɗumama falo na same shi, buɗaɗɗe, irin wanda ake sayowa a haɗe daga kamfani a cusa cikin bango. Kyan gani gare shi da dare, amma ɗumin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba; iskar ɗakin da aka riga aka kashe kuɗi aka ɗumama ita yake zuƙewa ya aika sama. Da hunturu ya fara zuwa mana da ɗaukewar wuta, sai ni da uwargida muka yanke shawarar cire shi mu sa rufaffen murhun ƙarfe mai cin itace, daga cikin waɗanda suka cika sharaɗin hukumar kare muhalli ta ƙasar da ya fara aiki a 2020, wato kada ƙurar hayaƙin da suke fitarwa ta wuce giram 2 zuwa 2.5 a awa. To, sabon murhu ba ya gadon bututun tsoho. Tsohon bututun iska ce ke sanyaya shi tsakanin ɓawo da ɓawo, kuma da murhunsa kaɗai aka gwada shi aka amince. Sabon faɗin cikinsa inci 6 ne, an cusa masa abin tare zafi, kaurinsa daga waje inci 8, an kuma gwada irinsa da wutar da ta kai digiri 2,100 a ma'aunin Amurkawa, kusan 1,150 ke nan a namu. Ramin da ke jikin tsohon murfi kuwa don bututu mai kaurin wajen inci 13 aka yanka shi. Ƙari a kan haka, sabon bututun bai faɗo daidai tsakiya ba, ya karkata gefe. Rami ya yi wa bututu yawa, kuma ya kauce masa.

Mutumin da ya zo aikin dattijon Ba'amurke ne, hannunsa duk tabon yankan kwano. Ya hau, ya ɗauko hotuna a wayarsa, ya sauko ya nuna mini. Kwanon gama-gari ne, irin mai farin shafen nan da ke hana tsatsa na ɗan lokaci. Tsakiyarsa ta ɗan lotsa, ga shatin inda ruwa ke kwanciya, ga jan tsatsa kewaye da kawunan ƙusoshi. Bai ɓule ba tukuna. Ya ce hanya biyu ce. Ko ya yanko faranti ya rufe tsohon ramin, ya fasa sabo a jikin farantin daidai bututun, ya ɗaure, ya bi gefen da danƙon silikon; ko ya auna akwatin a bugo sabon murfi sukutum na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kuɗin facin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na sabon ba. Na ce masa wanne ya ga ya fi. Sai ya mayar mini da tambaya: "Shekara nawa kake shirin yi a gidan?"

Ba da mugun nufi ya yi ta ba. Tambaya ce ta yau da kullum a nan. Mai rufi zai yi maka ita, mai taga zai yi, mai sa tukunyar ruwan zafi zai yi. Ma'anarta a fili take: in za ka tashi nan da shekara huɗu ko biyar, facin zai kai ka, abin da ya biyo baya kuma ba ruwanka. Sauƙi mutumin yake nema mini. Amma a cikin tambayar akwai aƙida, cewa ingancin aiki da tsawon zaman mai biya ake auna shi, kuma wannan aƙidar ce ta sa murhun ya jima a cikin kwalinsa ban ce a fara ba.

A gidanmu na Zariya ba wanda zai yi wa mahaifina wannan tambaya, don ba ta da amsa. Gidan gado ne. In an yi wa soro yaɓe kafin damina, aka duba indararo, wanda ya biya magini shi zai kwana a ƙarƙashin azarar, in ba shi ba ɗansa, kuma aikin a idon unguwa aka yi shi. Wanda ya yi ha'inci a can kansa ya yi wa. Gidan Amurka kuwa daga hannu zuwa hannu yake yawo. Mai sa a yi faci da mai shan yoyo mutum biyu ne daban, ba su san juna ba, ba kuma za su sani ba.

Sai an gane yadda faci ke mutuwa kafin a yi masa hukunci. Murfin kirki ana karya masa layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa don tsakiyarsa ta yi tozo, ruwa ya gangara. Ana lanƙwasa masa leɓe na inci 3 ko 4 ya sauko ya rufe bakin katako, da ɗan baki a ƙarshe da ke cilla ɗigon ruwa nesa da bango. Ramin ana tayar masa da wuya, sannan zoben da ke jikin bututu ya sauko ya rufe wuyan. A irin wannan, surar ƙarfen ce ke korar ruwa, danƙo ɗan taimako ne kawai. A faci kuwa danƙon ne komai, ga shi kuma a kan kwanon da ya lotsa, daidai inda ruwa ke taruwa. Hunturun Ohayo ba daskarewa ɗaya yake yi ya tsaya ba: yau ƙanƙara, jibi ta narke, gata ta sake kamawa, kowane karo ruwan da ya shiga ƙaramar kafa ya kumbura ya ƙara buɗe ta. Bututun ya yi zafi ya miƙe, ya huce ya koma. In kuma farantin da tsohon kwanon ba ƙarfe iri ɗaya ba ne, da zarar danshi ya haɗa su ɗayan ya fara cin ɗayan. Ran da danƙon ya saki ba wanda zai ji. Ruwa zai bi jikin bututu ya sauka cikin duhun akwati, ya jiƙa katako, ya ci farantan ƙarfen da aka sa a kowane bene don tare wuta da riƙe bututun a tsakiya. Ƙa'ida ita ce a bar fili na inci 2 tsakanin irin wannan bututu da duk abin da ke iya kamawa. Katakon da ya ruɓe ya saki, ko audugar tare sanyi da ta jiƙe ta zamo ta jingina da bututu, sai ta cinye wannan filin. Itacen da ya yi shekaru yana gasuwa kuwa yakan kama da zafin da bai isa ya kunna sabonsa ba. Sai wani dare mai tsananin sanyi, an cika murhu, kunkunniyar da ta taru a cikin bututu ta kama da wuta. Ba dole a kai ga haka ba; sau da yawa abin yana tsayawa ne a tabon ruwa a silin da kuɗin kafinta. Amma ko wanne ne, a hankali yake tahowa, kuma zai iso bayan na kwashe kayana.

Akwai wa'azi mai sauƙi da ake yi a nan, cewa ko mutum bai gani ba Allah yana gani. Gaskiya ne, sai dai bai raba gardamar ba, don Wanda yake ganin faci yana ganin ɓarnar dukiya ma. Wanda ya tuna mini da wannan wani Alhaji ne, dattijo mutumin Maraɗi da muke sallar Juma'a tare, tela ne tun yana gida, ya kuma fi ni daɗewa a ƙasar nan. Da na ba shi labari bai yi kwana-kwana ba.

"Malam, kai ma ka zama su ke nan? Abu bai ɓule ba ka ce a jefar?"

Ya ce mutanen nan firij in ya yi tari sai bola, mu kuwa da faci aka rene mu, takalmi da bokiti da tayar keke, ba mu kuma mutu ba. Ya ce almubazzaranci haramun ne, ba a kuma ce sai a abinci ba. Sannan ya kawo wadda ta fi zafi.

"Bambancin kuɗin nan, ba kuɗin makarantar 'yar ƙanwarka ba ne na zango guda? Ita ka san sunanta. Wancan da za ka saya wa murfi, wane ne shi?"

Hujja ce mai nauyi. Duk wanda ke zaune a waje yana aika kuɗi gida ya san kowace dala tana da masu ita tun kafin ta shigo hannu. Shari'a ma ta jera masu hakki a dukiyar mutum, na kusa kafin na nesa, kuma mai sayen gidan da ko tallarsa ba a yi ba ba ya cikin jerin.

Da muka sake haɗuwa Alhaji ya zo da babbar hujjarsa, wadda ya ji a wurin karatu. Ina neman tsari da kwatanta kwanon rufi da Ɗakin Allah, amma malamai da kansu daga wannan tarihin suka ciro ƙa'idar barin gyara don gudun abin da ya fi shi muni, don haka ba laifi a duba shi. Ƙuraishawa sun sake ginin Ka'aba shekara biyar kafin a aiko Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Sun sharɗanta wa kansu ba za su sa dukiyar haram ba, ta halal ɗin ta gaza, sai suka rage ginin ta ɓangaren Hijir, suka bar wajen kamu shida na harsashin Annabi Ibrahim a waje, suka kuma ɗaga ƙofa sama. Daga baya Annabi ya gaya wa Nana A'isha cewa ba don mutanenta sababbin shiga Musulunci ba ne da ya rushe ya mayar da shi kan asalinsa, da ƙofa biyu a ƙasa. Bai yi ba. Abdullahi ɗan Zubairu ya yi a shekara ta 64 bayan hijira, bayan gobarar da ta taɓa ɗakin lokacin da aka yi wa Makka ƙawanya. Shekara goma bayan haka Hajjaju, da umarnin Abdulmalik ɗan Marwanu, ya rushe ƙarin ya koma tsarin Ƙuraishawa. Da wani halifan Abbasiyawa, galibi ana cewa Haruna Rashid ne, ya so ya koma ginin ɗan Zubairu, Imamu Malik ya roƙe shi ya bari, kada ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau mulki ya rushe ya gina, kwarjininsa ya fita daga zukata.

"To ka ji," in ji Alhaji. "Limaminka ne. An san ginin bai cika ba, an san daidai ɗin, ga kuɗi ga iko, aka ce a bari."

Na jima ina juya wannan tarihi, kuma duk inda na juya shi ba gefen facina yake faɗowa ba. Giɓin da aka bari a Ka'aba ba a ɓoye shi ba. An kewaye shi da gajeren bango mai siffar rabin da'ira, kowane alhaji yana ganinsa, an kuma koya wa kowa ya yi ɗawafi ta bayansa, wanda ya ratsa ta ciki zagayensa bai yi ba. Ragi ne da aka sa wa alama har ya shiga darasin aikin hajji. Sannan waɗanda suka bar gyaran ba aljihunsu suka duba ba. Annabi zukatan sababbin musulunta ya duba, Malik kuma waɗanda za su zo bayansa ya duba, waɗanda bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Tarihin ma bai tsaya a wurin Malik ba. A 1630 ambaliya ta shiga Harami ta zubar da bangwayen ɗakin, aka sake gina shi a zamanin Sarkin Usmaniyya Murad na huɗu, ba kuma wanda ya ce fatawar Malik ta hana. Da magana ta zama ta ruwa da faɗuwar bango, gini aka yi. Abin da Malik ya hana shi ne rushe lafiyayye don neman suna.

Maganar ɓoyewa ita ta kai ni ga hadisin da kowane ɗan kasuwa ya sani. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya tura hannu cikin tarin, yatsunsa suka taɓo danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Abin lura, ba a zarge shi da jiƙa hatsin ba, ba a kuma ce ya zubar ba. Abin da aka tuhume shi da shi shi ne rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. A kan irin wannan fiƙihu ya gina babin aibi a ciniki: wanda ya saya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana iya mayarwa ko a rage masa kuɗi, kuma malamanmu na Malikiyya ba su yarda mai sayarwa ya dunƙule magana ya ce da duk aibinsa ya sayar ba alhali ya san aibin. Sai ya faɗe shi filla-filla, in abin gani ne ya nuna. Dokar Ohayo ma tun 1993 ta wajabta wa mai sayar da gida ya cika takardar bayyana abin da ya sani na yoyo da makamantansa, kuma ƙa'idar kiyaye gobara mai lamba 211 da masu sharar bututu ke bi ta nemi a yi wa bututu zurfafan bincike duk lokacin da gida zai canja hannu ko aka sauya irin murhu. Ke nan in na yi faci, na rubuta a takarda cewa faci ne, na fita. Wannan na yarda da shi, ban kuma ce wanda ya yi haka ya yi zunubi ba. Alƙali ba zai kama shi ba, a Kolombus ko a Zariya.

Sai dai hatsin da aka ɗora a sama ido yana ganinsa, hanci yana jin warinsa, mai saye kuma ya san hatsi. Layi ɗaya a cikin tulin takardun da ake turo wa mutum ya sa hannu ranar sayen gida, cewa an yi wa murfin akwatin bututu faci a shekara kaza, me zai gane a ciki? Ranar da na sayi gidan nan ban san akwai wani abu mai wannan suna a duniya ba. Mai duba gida da ake ɗauka kafin ciniki, in rufi ya yi tsayi ko santsi, sau da yawa daga ƙasa yake hangensa. Kuma bayani zango ɗaya yake yi ya tsaya. Wanda na gaya wa zai sayar wa wani, ko ya zuba 'yan haya. Ɗakin da ke jingine da akwatin, inda 'yata ke kwana yanzu, wani yaron zai kwana a ciki wanda ba a nuna wa iyayensa takardar komai ba. Faɗar aibi tana sauke mini nauyin ha'inci, amma ba ta toshe kafar ruwa.

Wanda ya warware mini ƙullin magini ne. Ibnu Rami mutumin Tunis ne na ƙarni na 14, da hannunsa yake gini, alƙalan garin kuma suna aika shi ya dubo musu rigingimun bango da magudana da hayaƙi, daga baya ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya na gini a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Tambayar da ke yawan dawowa a babin cutarwa ita ce wa ya riga wa, cutar daɗaɗɗiya ce ko ƙirƙirarriya. Hayaƙin tanderun gida da kowa ke yi ana haƙuri da shi. Amma wanda ya zo ya buɗe gidan burodi ko gidan wanka a tsakiyar maƙwabta, hayaƙinsa ya dame su, shi ake cewa ya kawar da cutar ko ya rufe. Ba a cewa maƙwabta su toshe tagoginsu. Nauyin yana kan wanda ya kawo sabon abu.

Da na ɗora wannan a kan rufina sai lissafin ya canja. Tsohon murfin ba shi da laifi a kan tsohon bututunsa, tsufa kawai yake yi. Ni na ga dama na kawo murhun da bututunsa bai dace da ramin ba. Giɓin ni na ƙirƙire shi. To kuɗin rufe shi yadda ya kamata ba wani alheri ba ne da zan yi wa baƙo in na ga dama. Yana cikin farashin murhun tun farko, ba a dai rubuta shi a rasit ba. Arahar faci ba daga sama ta faɗo ba, ragowar kuɗin yana nan, tura shi gaba aka yi ga wanda ba a yi shawara da shi ba. Hakkin 'yar ƙanwata gaskiya ne, amma da murhun ya kamata ya yi takara, ba da murfin ba. In kuɗin makarantarta ne a gaba, sai in haƙura da ɗumin itace in ci gaba da biyan kuɗin gas, tsohon murfi ya zauna a kan tsohon bututu lafiya lau. Abin da ba ya yiwuwa shi ne in sayi jin daɗina cikakke, sannan in tuna da ita daidai lokacin da aka zo kan kason da zai kare wani. Na lura da yawanmu haka tsoron almubazzarancinmu yake, barci yake yi sai an zo kan abin da ba mu za mu mora ba.

Saura tambayar Alhaji ta wane ne shi. Wanda ba a san shi ba, wataƙila ma ba a haife shi ba, yana da hakki a kaina yau? Wasu masana falsafar Turawa sun sha fama da wannan, domin sun saba ɗaukar hakki a matsayin yarjejeniya tsakanin mutum biyu masu rai. Derek Parfit na Oksfod, a littafinsa na 1984, ya kawo misalin wanda ya bar fasasshen gilas a cikin daji, bayan shekara ɗari yaro ya taka. Nisan lokaci bai rage zafin yankan ba, bai kuma canja wanda ya jawo shi ba. Masana tattalin arziki suna da lissafin da suke rage darajar asarar gobe da shi, kashi kaza a kowace shekara, har asarar da ke nesa ta zama kamar babu. Ga kuɗi wannan daidai ne, dalar bana ta fi ta baɗi. Tambayar mai aikin nan irin wannan ragin ce aka ɗauko aka ɗora a kan mutum, kamar mazaunin gidan na shekara goma masu zuwa bai kai na yau zama mutum ba.

A wurinmu ba baƙon abu ba ne. A mazhabarmu ana dakatar da rabon gado saboda cikin da ba a haifa ba. Ana yin waƙafi ga zuriyar da ba ta zo ba. Shari'ar da ta tsayar da magada masu rai, masu buƙata, ta ce su jira wanda ko suna ba a raɗa masa ba, ba za ta mayar da rashin suna rashin hakki ba. Ga kuma Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a. Annabi Musa da Halliru sun shiga wani gari, suka nemi abinci aka hana su, suka tarar da bango yana shirin faɗuwa, Halliru ya tayar da shi. Annabi Musa ya yi maganar da kowane mai hankali zai yi, cewa ai da an karɓi lada. Bangon na marayu biyu ne, taskarsu tana ƙarƙashinsa, su kuwa ba su roƙa ba, ba a kuma ce mana sun san an yi ba. Na san shi da ilimin da aka ba shi ya yi aiki, ni ba a ba ni komai ba sai hoton waya. Abin da ya tsaya mini a ƙissar shi ne garin, garin da ya hana baƙo abinci. Duk wanda ya zauna a ƙasar wasu yana da ranakun da aka nuna masa shi baƙo ne, kuma akwai wata magana da Shaiɗan ke raɗa wa mutum a irin waɗannan ranaku: ƙasar ba taka ba, mutanen ba naka ba, ci rabonka ka wuce. Na ji ta a bakin 'yan'uwa da yawa game da gidan haya da motar da za a sayar, na kuma ji ta a zuciyata ina tsaye a gindin tsanin mutumin nan. Ƙissar ba ta bar wa wannan magana wurin zama ba.

Kada a ɗauka ina cewa duk faci ha'inci ne. Da murfin mai kauri ne, na ƙarfen da ba ya tsatsa, tozonsa a tsaye, kamfanin bututun kuma yana da farantin da ya ƙera don irin wannan sauyi, da faci ne daidai, jefar da shi kuma shi ne almubazzarancin da Alhaji ke faɗa. Akwai kuma wanda tsohon murhunsa ya lalace ba da son ransa ba, hunturu ya ƙaraso, ba shi da kuɗin sabo ko kusa. Wannan ya yi faci, ya faɗa, ya riƙa sa a hau a duba kowace shekara, ba a kallafa masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Hukuncin yana bin halin kwanon da halin mai gidan. Abin da na ƙi shi ne shekarun zamana su shiga lissafin.

Na ce wa mutumin ya auna. Ya auna ɓangarori huɗun kowanne daban, don akwatin katakon da ya haura shekara talatin kusurwoyinsa ba sa zama yadda aka kafa su, ya auna tsakiyar bututu daga gefe biyu, aka bugo murfin a shagon masu aikin kwano. Ta leɓe ya ɗaure shi, ba ta sama ba, kada ƙusa ta yi wa ruwa ƙofa. Ya ƙara wa bututun tsawo har ya cika ƙa'idar ƙafa 3 sama da rufi, da ƙafa 2 sama da duk abin da ke cikin tazarar ƙafa 10. Da ya ɗaga tsohon na so a ce an tarar da ɓarna, in sami abin nuna wa Alhaji. Ba a tarar ba. Katakon a bushe yake, in ban da baƙin tabo a kusurwa ɗaya, mutumin ma ya ce da facin aka yi wataƙila ya shekara goma bai ce uffan ba.

Na kai wa Alhaji labarin yadda yake. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Alhaji," na ce, "ba abin da aka tarar ne hujja ba. Abin da na sani ne ranar da na zaɓa."

Ya ce wannan maganar 'yan boko ce, kuma har yanzu bai ga inda aka ce mutum ya saya wa wanda bai sani ba ƙarfen da zai fi shi tsawon rai ba. Kuɗin makarantar ya tafi a makare, ƙanwata ta kira ta yi ƙorafi, kuma tana da gaskiya. Tsohon kwanon kuwa Alhaji ya hana a kai shi wurin 'yan gwangwan. Ya sa aka ɗora masa a bayan mota, ya ce rumfar da yake ajiye fartanya da tiyo a bayan gidansa tana neman rufi, ramin kuma ya san yadda zai yi da shi.